Shin sai da takardar ɗaukar aiki ake samun zaman dindindin a Kanada?

Tambaya: Ni injiniyan lantarki ne, shekaruna 33, ina da digiri na biyu, kuma na shekara bakwai ina aiki a Kaduna. Wani dillali ya nemi in biya shi domin ya samo mini takardar ɗaukar aiki daga Kanada, wai idan babu ita ba za a ba ni izinin zama na dindindin ba. Haka abin yake?

Amsa: Ba haka ba ne, malam, kuma shawarata ita ce kada ka ba shi ko sisin kwabo. Tsarin Express Entry, wanda Kanada ta fara aiki da shi a 2015, yana karɓar ƙwararrun da ba su taɓa taka ƙasar ba kuma babu kamfanin da ya ɗauke su. Tun daga watan Maris na 2025 ma an soke ƙarin makin da ake bayarwa saboda irin wannan takarda, domin an lura ana cinikinta.

Abin da ake aunawa shi ne shekarun haihuwa, ilimi, ƙwarewar aiki da harshe, a ma'aunin da ƙololuwarsa maki 1,200 ne, kuma waɗanda suka fi maki su ake gayyata su miƙa takardunsu cikin kwana 60. Kafin ka shiga layi sai an tantance digirinka ta wata hukuma da aka amince da ita, kamar WES, sannan ka samu aƙalla 6 a kowane ɓangare na IELTS, jarrabawar Turanci mai ɓangare huɗu, ko da yake wannan shiga kawai zai ba ka. Makin da ke ɗaga mutum sosai shi ne 8 a sauraro da 7 a sauran ukun.

Abin da ya fi damuna game da kai shi ne lokaci. Cikakken makin shekaru na masu 20 zuwa 29 ne, daga nan yana raguwa da biyar ko shida duk shekara har zuwa 40, sannan raguwar ta ƙara sauri har ya ƙare a 45. Hanya biyu ce ke cike wannan giɓi. Idan wani lardi ya zaɓe ka, ana ƙara maka maki 600, wanda kusan tabbacin gayyata ne. Ɗayar kuwa Faransanci ce: yana iya ƙara maki 50, kuma tun 2023 ana ware wa masu jin sa gayyata ta musamman, abin da ya kamata 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su lura da shi.

Ka kuma sani cewa izinin zama ba lasisin aiki ba ne. Kowane lardi yana da hukumarsa mai yi wa injiniyoyi rajista, saboda haka ka fara tuntuɓar ta lardin da kake nufi tun kana gida.