Amsa: Yaya ake auna saurin kama muwon alhali nutirino ba ya ganuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda ake sanin saurin da tsakiyar zarra ke haɗiye muwon, ƙwayar da ke kama da ilektaron amma ta fi shi nauyi, tunda nutiron da nutirino, ƙwayoyi marasa caji, ne ke fitowa, na farko ƙirga shi daidai da wuya, na biyu kuwa ratsa na'ura yake ya wuce. To, awon da aka fi amincewa da shi na lokaci ne.

Matsakaicin rayuwar muwon mikrosakan 2.197 ne kafin ya tarwatse (mikrosakan ɗaya bisa miliyan ne na sakan). Amma mai caji nagatif, in ya tsaya cikin abu, yakan faɗa kewayen tsakiyar zarra, sai mafitarsa ta zama biyu: ko ya tarwatse ya saki ilektaron, ko furoton, ƙwaya mai caji fozitif da ke cikin tsakiyar zarrar, ya haɗiye shi. Tulu mai huji biyu ai ya fi saurin tsiyayewa. Sai a rubuta lokacin shigar kowane muwon da na fitar ilektaron, a gwada da na muwon fozitif wanda ba a kama shi. Bambancin saurin ƙarewarsu shi ne saurin kamun.

Na daɗe ina wannan gwaji da ɗalibai, da robar da ke walƙiya in muwon daga sararin sama ya tsaya cikinta. Sakamakon yakan gaza 2.197 kaɗan, su zaci waya ce ta lalace. Kabon ɗin robar ne, domin a cikinsa muwon nagatif kusan mikrosakan 2.03 yake yi. Da nauyin zarra kamun ke ƙaruwa sosai: rayuwarsa takan ragu zuwa nanosakan (ɗaya bisa dubu na mikrosakan) 864 a alminiyum, wajen 75 a darma.

Wahalar tana haidirojin, inda bambancin bai kai kashi 0.2 cikin ɗari ba. Nan nake jinjina wa gwajin MuCap na cibiyar Paul Scherrer a Siwizalan. Iskar haidirojin ɗin kanta suka mayar na'urar ganowa, a matsi wajen ninki 10 na iskar da muke shaƙa, suna ganin inda kowane muwon ya tsaya, don wanda ya taɓa bangon ƙarfe kada ya shiga lissafi. Suka ƙirga tarwatsewa fiye da biliyan 10, a 2013 suka fitar da saurin kamun, kusan 715 a sakan.

Abin da ya fi cin ƙarfinsu tsabtar iskar ce. Muwon yakan bar furoton ya koma kan naitirojin ko tururin ruwa, inda ake kama shi da sauri, sai lambar ta kumbura. Shi ya sa suka riƙa tace iskar ba dare ba rana, suka kuma cire ditariyam, wato haidirojin mai nauyi, daga cikinta.