Amsa ga mai tambaya kan injin ƙaramin jirgi da katakon baya

Salam Malam, na ga tambayarka, ka ce ka sayi jirgin faiba na hannu mai tafiya da iska, tsawonsa ƙafa 18, kana so ka ɗaura masa injin Yamaha mai hos 15 (hos shi ne ma'aunin ƙarfin inji) irin wanda masunta ke sawa a Yauri, kuma wai in ka danna allon baya, inda ake rataye injin, da hannu yana ɗan lanƙwasawa. Toh don Allah kar ka sayi injin nan tukuna. Ni ma nawa ƙafa 19 ne, a nan Legas nake fita da shi wajen Tarkwa Bay, kuma 15 ɗin na fara sawa saboda wani makaniki ya ce min babban inji shi ne kwanciyar hankali, ko wata uku ba a yi ba tsaga ta fito a kusurwar allon.

Abin da ban gane ba lokacin shi ne, irin jiragen nan ba sa hawa saman ruwa su zura kamar kwale-kwalen gudu, ture ruwan suke yi da ciki, don haka gudunsu na da iyaka kuma tsawon jikin da ke cikin ruwa ne ke yanke ta. Naka in abin da ke taɓa ruwa ya kai ƙafa 16, da wuya ka wuce kilomita 10 a awa ko wane inji ka sa. Hos 4 zuwa 6 zai kai ka wurin. Duk abin da ka ƙara a kai sai dai gindin jirgin ya nutse, hanci ya ɗaga sama, kana ta ƙona mai a banza. Na Yauri dogayen jirage ne da ake labta wa buhuna da mutane a Kainji, aikinsu daban. Sannan ga nauyi, 15 ɗin nan ya haura kilo 35, na hos 6 kuwa bai kai 30 ba, kuma ka tuna a can ƙarshen jirgi yake rataye yana girgiza duk sanda igiyar ruwa ta buga.

Ni abin da ya fi damuna ma tsawon ƙafar injin ne, wato sashen da ke sauka cikin ruwa zuwa farfela, mutane ba sa kula da shi. Akwai gajere inci 15, dogo inci 20, da mai inci 25. Bayan jirgin iska yana da tudu, in ka sa gajere, da wani ya taka gaba ko ruwa ya tashi sai ka ji farfela ta fito waje tana ihu ba ta tura komai, kuma injin ya daina jan ruwan da ke sanyaya shi. Ya taɓa faruwa da ni a bakin mashigar tashar Legas ruwa na janyewa da ƙarfi, wallahi ranar na tsorata sosai don da yara biyu a ciki. Ka auna daga inda injin zai zauna zuwa ruwa, ka tabbata farantin da ke saman farfela ya nutse sosai. Nawa yanzu hos 6 ne mai doguwar ƙafa, da farfela mai faɗi wadda aka yi don tura nauyi, bai taɓa ba ni kunya ba.

Maganar allon baya kuma, lanƙwasawar nan ba ƙaramin abu ba ce. Yawanci filawud ne, wato katakon da ake mannawa falle-falle, a tsakiya aka lulluɓe shi da faiba ciki da waje, ruwa na shiga ta tsofaffin ramukan kusoshi ya ruɓar da shi kai ba ka gani. Ka ƙwanƙwasa da ƙotar sukuddireba, wuri mai lafiya ƙara yake yi tsaf, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum dum. In kana shakka ka huda ƙaramin rami ta ciki, in garin katakon ya fito baƙi da danshi toh shi ke nan sai an canza. Kar ka yarda a manna maka ƙarfe a kai a ce an gyara, kusoshin cikin ruɓa za su kama.

Yadda muka yi nawa, mun yanke faibar ta ciki muka bar ta waje, muka kankare ruɓaɓɓen duka, muka bar shi ya bushe kusan sati biyu don lokacin damina ne, sannan muka haɗa filawud na ruwa mai kauri milimita 12 guda biyu da ifoksi, wani gam mai ƙarfi, muka manna. Ifoksi fa, ba gam ɗin masu gyaran jikin mota ba, wancan ba ya kama katako da kyau. Muka shimfiɗa ƙyallen faiba a kai har ya zarce kamar santimita 15 zuwa gefuna da ƙasan jirgi, muka ƙara tokare biyu masu kusurwa uku daga allon zuwa ƙasa, su ne ke raba nauyin. Ramukan kusoshi kuma ka huda su fi girma, ka cika da ifoksi, in ya bushe ka sake huda daidai girman ƙusa, ta haka ruwa ba zai sake taɓa katako ba. Kusoshi sitenles, ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, da manyan washa, da farantin alminiyom ta ciki.

Ka ɗaure injin da igiya ko sarƙa daban ko da maƙallan sun kwance, kuma in za ka ja jirgin da mota ka sauke injin ka sa a but, ramukan titi sun fi ruwa wahalar da allon. Ka turo hoton allon ta ciki da awon tudunsa daga ruwa, sai in gaya maka ko inci 20 zai ishe ka ko sai 25.