Yaro Mai Buƙata ta Musamman a Makarantar Yahudawa: Nauyin Wane Ne?

Tambaya: Malam, ni malamar Islamiyya ce. Na ji cewa makarantun Yahudawa na Amurka suna shan wuya wajen karɓar yara masu buƙata ta musamman. Ashe doka ba ta tilasta musu ba?

Amsa: Malama, ba kamar yadda kike zato ba. Dokar IDEA ta ilimin yara masu naƙasa, wadda ta samo asali tun 1975, makarantun gwamnati ta ɗora wa nauyin koyar da yaro mai naƙasa kyauta. In iyaye da kansu suka kai shi makarantar kuɗi, irin ta Yahudawa, hukumar ilimi ta yankin za ta tantance shi, ta kashe wani kaso na kuɗin tarayya a kan ire-irensa, amma ba dole ba ne ta biya masa duk buƙatunsa. Dokar ADA ta 1990 kuma, mai kare haƙƙin masu naƙasa, ta tsame cibiyoyin addini daga sashenta na wuraren hulɗar jama'a. Sauran nauyin sai ya koma kan iyaye da al'umma.

A ganina, babbar wahalar tana cikin aji. Yaro ɗaya, a wuni ɗaya, yana karatun Turanci daga hagu zuwa dama, sannan ya karanta Ibrananci daga dama zuwa hagu. Ƙananan yara ana sa musu ɗige-ɗige a ƙarƙashin baƙaƙe, kamar wasullan Larabci da kika sani. Da ya ɗan tasa sai a miƙa masa Talmud, babban littafin shari'ar Yahudawa, wanda yawancinsa da harshen Aramanci ne, kuma a bugunsa na gargajiya babu wasulla. Yaron da tun farko haruffa ke rikice masa, a nan yake sarewa, har a ɗauka lalaci ne.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce ta makarantun SINAI, da aka fara a jihar New Jersey a 1982. Maimakon gina makaranta daban, suna buɗe ƙananan azuzuwa a cikin makarantun Yahudawa da ke akwai. Kowane yaro da tsarin karatunsa da ƙwararrun malamansa, amma addu'a, cin abinci da darussan da zai iya, yana yi tare da sa'o'insa. Tsadar ba kaɗan ba ce, shi ya sa suke dogaro sosai da gudummawar jama'a.