Faibar garinmu ta fara tsayawa da ƙafarta, mu kai ta bayan gari ko mu dakata?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya, fatan kana lafiya, ya aiki. Ni ina cikin kwamitin da ke kula da intanet ɗin faiba na garinmu, mallakar gari ne ba na kamfani ba, yau shekara shida kenan da kunnawa. Wayar ta wuce ta ƙofar gidaje wajen 4,000 amma masu biya duk wata basu wuce 1,500 ba. Muna biyan albashi, muna biyan bashin da aka ci aka gina, har ɗan wani abu yana ragewa. Yanzu mutanen unguwannin bayan gari sun taso mu a gaba sai an kai musu, kansiloli ma sun matsa, wasu kuma a kwamitin sunce a dakata tukunna. Dan Allah ta ina zamu gane mun isa faɗaɗawa, kuma in za'a yi ta yaya za'a yi ba tare da mun jefa garin cikin bashi ba? Nagode.

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, lafiya lau alhamdulillah, sannunku da ƙoƙari.

Bari in fara da wannan "ɗan wani abu" da kace yana ragewa, don ni nan idona ya fara tsayawa. Ka koma wajen akantanku ka tambaye shi, a cikin lissafin nan akwai kuɗin da ake warewa duk wata don canza na'urori? In yace babu, to gaskiya abinda kuke gani ba riba bace, kuɗin gyaran gobe ne kuke kallo kamar rara. Ita zallar wayar faiba gilashi ce, in ba'a yanke ta ba tana iya shekara 25 zuwa 30 har fiye tana aiki, amma na'urorin da ke bakinta biyu, wato OLT da ke ofishinku da ɗan akwatin ONT da ke gidan kowane kwastoma, da batura da janareta da abin sanyaya ɗaki, su ba haka suke ba, yawanci tsakanin shekara 7 zuwa 10 sai kaga sun fara gajiya ko kamfanin da ya ƙera su ya daina tallafa musu. Ku kuma kuna shekara ta shida, kaga kenan lokacin ya kusa. Don haka kafin a ja ko mita ɗaya ta sabuwar waya a buɗe asusu daban na canjin kayan aiki, a ga abinda ya rage bayan an cire shi.

Sai kuma lissafin da kai da kanka ka kawo. Gida 4,000 wayar ta wuce, 1,500 suka shiga, wato kusan 38 cikin 100. Ba laifi, ba'a ce kun gaza ba, amma duba fa akwai gida 2,500 da kun riga kun kashe kuɗin kai waya har bakin layinsu kuma ko sisi basa baku. Faɗaɗawa mafi araha da zaku taɓa yi tana nan cikin gari, don abinda ya rage kawai ɗan guntun kebul daga falwaya ko daga ramin kan layi zuwa cikin gida da akwati ɗaya da aikin rabin yini. Ni da nine ku, wata uku zan ɗauka ana bin gidajen nan ana tambayar me ya hana su. Zaka sha mamakin amsoshin, wani kuɗin haɗawa na farko ne yayi masa nauyi kuma da an raba masa shi wata-wata da tuni ya shiga, wani ɗan haya ne mai gida bai bada izinin huda bango ba, wani yana cikin kwantiragi da wani kamfani yana jira ya ƙare, wani kuwa wallahi bai ma san wayar ta zo layinsu ba. Gidajen bene masu ɗakunan haya da yawa su ne aka fi yin sakaci da su, alhali yarjejeniya ɗaya da mai ginin zata iya kawo muku kwastoma ashirin a wuri guda. Haka makarantu da asibitoci da ƴan kasuwa, su sun fi biya kuma basa yawan sauya sheƙa.

To yanzu bayan gari. Matsalar bayan gari ba nisa bane kaɗai, tazara ce tsakanin gida da gida. Ɗauki misali kawai, ba alƙaluman garinku bane: a ce kilomita ɗaya ta kebul a tsakiyar gari tana wuce gida 80, a bayan gari kuma gida 8. Kuɗin jan kilomitar kusan ɗaya ne, amma a can mutum takwas ne zasu ɗauki nauyin da mutum tamanin ke ɗauka a nan, kuma cikin takwas ɗin ma ba duka zasu shiga ba. Abinda ke ɗan rage zafin shi ne mutanen bayan gari yawanci basu da wani zaɓi mai kyau, shiyasa kason masu shiga a can kan fi na cikin gari. Amma kar ku gina a kan "kan fi", ku auna. Kuma ku sani yawancin kuɗin ba na wayar bane, na haƙa ne da na falwaya. In ta sama zaku bi, masu turakun zasu ce sai an matsar da wayoyin da ke kai ko an canza wani turken da dogo kafin ku rataya taku, ku zaku biya, kuma wannan jiran kaɗai yana cin watanni. In ta ƙasa ne, dutse ɗaya da ba'a zata ba ya isa ya ɓata kasafi. Shiyasa nake roƙon kowane gari, duk sanda za'a fasa titi don ruwa ko kwalbati ko sabon kwalta, a jefa bututun roba babu komai a ciki a rufe, ko ba yanzu za'a zura faiba ba. Bututun ba shi da tsada, haƙan ne mai tsada. Wani abu kuma, tsarin GPON, wato fasahar raba zaren faiba ɗaya ga gidaje da yawa, da yawancin masu faiba irinku ke amfani da shi yana kaiwa wajen kilomita 20 daga OLT, in unguwar ta wuce haka ta hanyar da kebul zai bi, to sai an kafa wani ɗan ɗakin na'ura a can da wutarsa da batirinsa, wani kuɗin kenan.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a raba bayan garin zuwa ƙananan shiyyoyi, kowace shiyya a fitar da kuɗin gininta, a lissafa mutum nawa ake buƙata kafin ta riƙe kanta, sannan a faɗa wa mutane a fili: in kun kai adadi kaza waɗanda suka sa hannu suka ajiye ɗan kafin alƙalami, mu kuma zamu fara aiki. Ɗaga hannu a taro ba shiga bane, kowa yana so in ba'a ambaci kuɗi ba. Google ma da duk kuɗinta haka tayi a birnin Kansas City na Amurka a 2012 da ta fara jan faibarta, unguwar da ta cika adadin masu rajista ita aka fara ja wa. Garin Ammon a jihar Idaho ta Amurka su sun ƙara gaba, masu gidajen da suka zaɓi shiga su ke ɗaukar kuɗin ginin unguwarsu, ko su biya gaba ɗaya ko a raba musu tsawon shekaru, wanda bai shiga ba ba ruwansa, sannan garin yana riƙe da wayar ne kawai kamfanoni daban-daban suna gasar sayar da intanet a kanta. Wannan tsarin yana sauke wa kwamiti matsin kansiloli sosai, don duk wanda yazo yana cewa me yasa ba'a fara da mazaɓata ba sai ka miƙa masa takardar rajista kace ranka ya daɗe ga adadin da ya rage, a taya mu nemowa.

Maganar inda kuɗi zai fito kuwa, nan ne garuruwa suka fi ƙonewa. Burlington a jihar Vermont, da kuɗin aikin faibarsu ya gaza sai aka riƙa ɗiba daga asusun gari na bai ɗaya, har wajen dala miliyan 17, da abin ya fito fili aka rage wa garin darajar cin bashi, banki ya maka su kotu, daga ƙarshe sai da aka sayar da kamfanin. Provo a jihar Utah sun ci bashin kusan dala miliyan 39 suka gina, a 2013 suka sayar wa Google a kan dala ɗaya, ɗaya tak, mutanen gari kuma suka ci gaba da biyan bashin. A duka biyun wayar ba ita ta lalace ba, har yau tana aiki, lissafin ne ya lalace. Don haka littafin kuɗin faiba ya zama daban da na gari, in za'a ranta daga wani sashe a rubuta a matsayin rance da ranar biya, majalisa ta sani jama'a su sani. Kuma kar a ci bashin shekara 25 a sayi na'urar da zata mutu a shekara 8, dogon bashi na bututu ne da kebul.

Na san a taronku wani zai kawo misalin Chattanooga, wani gari a jihar Tennessee ta Amurka, kullum sai an kawo ta. Eh gaskiya ne, a 2010 hukumar wutar garin wato EPB ta fara ba duk yankinta intanet mai gudun gigabit ɗaya, abin ya zama abin kwatance a duniya. Amma a tuna su hukumar lantarki ce mai turakunta da motocinta da ma'aikatanta da kwastomomin da take aika wa bil tun da daɗewa, kuma ta samu tallafin kusan dala miliyan 111 daga gwamnatin tarayya don zamanantar da layin wuta, wanda faibar ke cikinsa. In ku baku da irin wannan gatan kar ku auna kanku da su. Kuma su ɗin ma doka ta taka musu birki, dokar jihar Tennessee bata basu damar wuce iyakar yankin da suke ba wuta ba, hukumar sadarwa ta FCC ta yi yunƙurin ture dokar tare da makamanciyarta ta North Carolina a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta soke matakin a 2016. Abin nufi, in unguwannin da kuke magana sun fita daga iyakar garinku, lauya zaku fara gani kafin injiniya.

Akwai kuma abinda ba'a cika lissafawa ba, wato ko ma'aikatanku zasu iya ɗauka. Dogon layi yana nufin yawan yankewa, katafila ta tsinke, iska ta kada bishiya, kurege ya ciji kebul, kuma daga ofis zuwa wurin tafiya ce. In mutum ɗaya ne kawai ya iya haɗa faiba da injin walda ta kuma ya iya karanta na'urar gano inda ta yanke, ranar da yayi zazzaɓi fa? A horar da na biyu, a ajiye kebul da kayan gyara a sito, a ƙulla yarjejeniya da wani gari ko ɗan kwangila da zai kawo ɗauki. Taswirar layinku ma ta kasance a kwamfuta, kowane zare an san inda ya nufa, ba a kan wani dattijon ma'aikaci da ya kusa ritaya ba. Sannan babbar hanyar da ke haɗa ku da duniyar waje, in ɗaya ce to duk garin a kan zare ɗaya yake rataye. Na taɓa aiki a wani wuri da muke bugun ƙirji muna da hanya biyu daga kamfani biyu, ashe duk biyun ta ƙarƙashin gada ɗaya suka bi cikin bututu ɗaya, ranar da aka yi aikin gadar muka gane, kwana muka yi muna amsa waya. Tun daga nan ban yarda da "hanya biyu" sai na ga taswira da idona.

Batun ƙara gudu kar ya ɗaga muku hankali. GPON yana bada wajen gigabit 2.5 saukowa da 1.25 hawa ana rabawa tsakanin gida 32 ko 64, sabon tsarin XGS-PON kuma gigabit 10 hawa da saukowa, kuma duk biyun suna iya tafiya a zare ɗaya don kalar haskensu daban. A sabuwar unguwa ku sa sabon, tsofaffin kuma a canza inda cunkoso ya nuna da daddare, ba don mai talla yace ba.

Ku kuma sa a rai ranar da kuka sanar da shiga wata unguwa, kamfanin da ya yi shekaru yana watsi da ita zai iya farkawa ya karya farashi. Kar ku bi shi tseren araha, ya fi ku aljihu. Longmont a jihar Colorado, da jama'a suka amince da bashin dala miliyan 45.3 a 2013, dabarar da suka yi ita ce duk wanda ya shiga da wuri an ɗaure masa farashin gigabit a kusan dala 50 a wata, mutane suka yi rububi har masu shiga suka haura rabi.

Wata shiyyar fa duk yadda aka juya lissafin ba zata taɓa riƙe kanta ba, gida biyar ne a ƙarshen hanya. Nan ni ba zan ce kar a kai musu ba, ai dalilin da yasa gari ya shiga wannan harkar tun farko kenan, don a kai inda ɗan kasuwa ya ƙi zuwa, kuma suma ƴan gari ne. Amma wannan hukuncin ba na kwamitinku bane, na majalisa ne. Ku rubuta musu shafi ɗaya: shiyya kaza ginin ta zai ci kaza, abinda zata dawo da shi kaza, giɓin kaza ne duk shekara, ku nemo tallafi ko ku saka a kasafin gari mu kuma mu gina. In kun haɗa wannan takardar da taswirar shiyyoyin, turo min in duba muku kafin zaman.