Amsa ga ɗalibin da ya tambaya ko kimiyyar Turawa tana da addini

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena, na ga tambayarka: shin kimiyyar da muke koya a lakwal babu ruwanta da al'ada da addinin kowa, ko kuwa ta zo mana da kayan gidan Turawa a ƙunshe? Ni dai malamin gona ne, na yi shekaru da dama ina yawo tsakanin Tahoua, Illela da Keita, daga can zan ba ka amsa.

Ma'aunin ruwan sama da ke bayan ofishinmu bai san masallaci ba, bai san coci ba. In milimita 20 ya zuba, 20 zai nuna, ko wa ya duba. Kuma kiran abin "na Turawa" ma da gyara, tunda aljabara a Bagadaza Al-Khawarizmi ya rubuta ta a ƙarni na 9. Nan babu gardama.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da aka ce maka ka auna, da abin da aka ce maka shi ne mai kyau. Mu an koya mana cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, babu kututture, layi a miƙe kamar gonar alkama a Faransa. Dokar gandun daji da muka gada daga mulkin mallaka kuma ta mai da itace na gwamnati, sai manomi ya ga barin itace a gonarsa jawo wa kai magana ne. Ina sabon ma'aikaci, da ɗan littafina a hannu, na tsaya ina yi wa wani dattijo faɗa a wajen Illela don ya bar gawo a tsakiyar gona. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: "Mushe, je ka duba hatsin da ke gindinsa, ka dawo mu yi magana." Na je. Zangarniya a wurin ta fi ta ko'ina kauri, kara ya fi ni tsawo. Gawo da damina yake kaɗe ganye, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Duk wannan ma'auni yana iya tabbatarwa, kuma daga baya ya tabbatar. Ba a dai aike mu mu auna ba ne, saboda idon da ya tsara karatunmu ya saba da wata irin gona.

Abin dariyar, wanda ya taimaka aka juya akalar a Maradi tun 1983, Tony Rinaudo, ɗan mishan ne daga Ostireliya, kuma shi da bakinsa yana danganta aikin da imaninsa. Sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a gona a kula da shi har ya zama itace, ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. To ka ce addini bai shiga ba?

Kuɗi ma suna zaɓen tambaya. Sanƙarau ya kashe mutum wajen 25,000 a ƙasashen Afirka kudu da Sahara a 1996, amma allurar da aka yi musamman dominmu, MenAfriVac, sai 2010 ta iso, kuma a Indiya aka sarrafa ta. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Faransa ya yi karatun fiziks, ya dawo ya sa ilminsa kan hasken rana, abin da ya fi yawa a gidansu.

Masu ce maka kimiyya kafirci ce, su ma allurar suke kai ƴaƴansu a yi musu, kada su ruɗe ka. In kana son ganin gawon nan da idonka, ka zo cikin watan Agusta, lokacin da sauran itatuwa suke kore shar shi kuma yana tsaye tsirara. Ka taho da mitarka, mu auna karan gindinsa da na nesa.