Wace firosesa za ta dace da tsohuwar kwamfutar wasa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kwamfutarka mai firosesa Ryzen 5 1600 da babban allo (motherboard) B350 da katin hoto GTX 1060 ta fara cijewa a sababbin wasanni, kana neman firosesar da za ka saka.

Kafin ka fitar da ko jaka ɗaya, kunna wasan ka buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna yawan aikin da kowane sashen kwamfuta ke yi. In katin hoto ne ke cika 99% firosesa na hutawa, to ba ita ce matsalar ba.

In kuwa ita ce, ka yi sa'a. Mazaunin firosesa na AM4 da ke allonka yana ɗaukar Ryzen 5 5600 ta 2022, kuma RAM ɗinka na DDR4 zai ci gaba da aiki. Ni ita zan zaɓa. Wat 65 take ci, ta kuma zo da fankarta a kwali. 5800X3D ta fi ta ƙarfi a wasa, amma wat 105 ce, ba ta zuwa da fanka, ga zafin Maradi a watan Afrilu da ke haura digiri 40. Da GTX 1060 ma ba za ka mori kuɗinta ba.

Sai batun BIOS, wato manhajar cikin allon da ke tada kwamfuta. Duba shafin kamfanin allon ko ya saka 5600 a jerinsa, ka sabunta BIOS ɗin tun tsohuwar firosesar na ciki. Kada ka taɓa wannan aiki ba batirin ajiye wuta, don in aka ɗauke ana tsaka da shi allon na iya mutuwa.

In ta hannu za a kawo maka daga Kano, duba ƙafafunta, saurin lanƙwashewa gare su. Ka kakkaɓe ƙurar hunturu, ka shafa sabon man sanyaya firosesa.