Amsa ga Hajiyar Gusau: zaman ɗalibai a jami'ar Katolika

Hajiya, kin ce 'yarki ta samu gurbi a jami'ar Veritas da ke Bwari, Abuja, kina tambayar su wa za ta taras, kuma ko Musulma za ta sake a can.

Jami'ar ta Majalisar Bishop-bishop na Katolika ce ta Najeriya, wato manyan shugabannin cocin. Yawancin ɗaliban irin waɗannan makarantu Kiristoci ne, da yawa daga kudu da Binuwai da Filato da kudancin Kaduna, don haka Turanci da Burokin ke tashi a ɗakin kwana. Hausa sai in ta dace da 'yan Zuru ko Kafanchan. Akwai tsari da sa ido kan sutura da fita, abin da iyaye kan so.

Za ta ga Fada (limamin Katolika) da Sista (mace mai hidimar coci) a harabar, ta ji ƙararrawar addu'a da tsakar rana. Ranar Larabar Toka za ta ga goshin ƙawayenta da toka, farkon azuminsu na kwana 40 kafin bikinsu na Ista ke nan, kuma ba sa cin nama a Juma'o'insa. Kada ta yi ta kallo.

Inda iyaye kan yi kuskure shi ne dogaro da "an ce". Kafin ki biya ko sisi, ki nemi littafin dokokin ɗalibai, ki je ofishin kula da harkokin ɗalibai ki tambaya: an yarda da hijabi? Halartar coci dole ce ga kowa? Ina za ta yi salla? Ya batun sahur da yankan nama? Ki nemi amsar a rubuce.

Hukuncin zama wurin ibadarsu kuwa, wannan sai malaminku.